Kama da wane ba ta wane: Me ya sa irin da ya jure cutar yaushi a wata ƙasa yake mutuwa a wata?

Manomin tumatir ko dankalin Turawa da ya taɓa gamuwa da wannan cuta ba ya mantawa da ita. Da safe shuka tana tsaye, ganye kore shar. Da rana ta take sai ta langaɓe kamar wadda ta kwana biyu ba ta ga ruwa ba. Da yamma ta ɗan farfaɗo, manomi ya ce zafin rana ne, ya ƙara mata ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai ta kwanta gaba ɗaya, ganyenta bai ma gama sauya launi ba, ta kusa da ita kuma ta kama hanya.

Daga nan sai a nufi shagon maganin feshi. A sayi wannan, a gwada wancan, kuɗi su ƙare, gona kuma ta ci gaba da mutuwa. Babu maganin feshin da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu, domin abin da ke kashe ta yana can cikin jijiyoyinta.

Ganin haka ne ya sa masana suka fi ɗora fatansu a kan iri mai jure cutar. Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma tarkon ya shafi duk wanda ke sayen iri, ko sayar da shi, ko ba da izinin shigo da shi. Ƙwayar da ke haddasa cutar dangi ce mai rassa da yawa, kuma irin da ya gagari wani reshe yana iya faɗuwa warwas a gaban wani.

Yadda take kashe shuka

Sunan ƙwayar a wurin masana Ralstonia solanacearum. Bakteriya ce da ke zaune a cikin ƙasa da ruwa. Wani masanin cututtukan shuka ɗan Amurka, Erwin Smith, shi ya fara yin cikakken bayaninta a shekarar 1896. A yau an san tana kama nau'o'in tsirrai fiye da 200, ciki har da tumatir, dankalin Turawa, tattasai, barkono, gauta, taba, gyaɗa, citta da ayaba. Wata ƙuri'ar jin ra'ayin masana da aka wallafa a 2012 ta sanya ta a matsayi na biyu cikin bakteriya goma mafi muhimmanci da ke addabar tsirrai a duniya.

Ta saiwa take shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: raunin da fartanya ta yi wa saiwa, ko wanda aka ji mata wajen dashe, ko cizon ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, duk ƙofofi ne a gare ta. Da ta shiga sai ta nufi jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, ta hayayyafa a ciki, ta kuma fitar da wani abu mai yauƙi da ke toshe hanyar ruwan. Shuka sai ta mutu da ƙishirwa alhali tana tsaye a cikin danshi.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a bakin gona. A yanko karan shukar da ta yi yaushi daga kusa da gindi, a tsoma bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garai-garai, a riƙe shi ba motsi. Idan bakteriyar ce, cikin 'yan mintuna za a ga wani farin abu kamar zaren madara yana gangarowa cikin ruwan. Idan ba a gani ba, mai yiwuwa yaushin daga wani abu dabam yake, kamar cutar funfuna ko ƙarancin ruwa. A dankali kuma, idan aka raba shi biyu ana ganin zobe mai ruwan ƙasa a ciki, a matsa shi ya fitar da farin ruwa kamar mugunya.

Kofin gilashi yana gaya wa manomi cewa bakteriya ce. Ba ya iya gaya masa wace ce daga cikin danginta.

Suna ɗaya, zuriya huɗu

Shekaru da dama masana suna rarraba ƙwayar bisa shukar da take kamawa ko kuma irin sukarin da take iya ci a ɗakin gwaje-gwaje. Da aka samu damar karanta ƙwayoyin halittarta kai tsaye, sai aka ga wancan rabon bai nuna ainihin dangantakar ba.

A 2002 masana a Faransa suka wallafa cikakken tsarin halittar wani samfurinta da aka samo daga tumatir a yankin Guyana da ke ƙarƙashin Faransa. An tarar da haruffan gado kimanin miliyan 5.8, a rabe gida biyu. A 2005 kuma masana biyu, Mark Fegan da Philippe Prior, suka fito da rabon da ake amfani da shi har yau, inda suka kasa ƙwayar zuwa manyan zuriya huɗu, kowace da nahiyar da ta samo asali.

Zuriya ta ɗaya daga Asiya take. Ta biyu daga nahiyar Amurka. Ta uku 'yar Afirka ce da tsibiran da ke kewaye da ita. Ta huɗu kuma tushenta Indonesiya. A ƙarƙashin kowace akwai ƙananan rassa, gommai idan aka haɗa su. Nisan da ke tsakaninsu ya kai har a 2014 aka raba su zuwa jinsuna uku masu sunaye dabam-dabam, duk da cewa a gona alamarsu kusan ɗaya ce.

Ayaba ta isa misali. A Amurka ta Kudu da tsibiran Karibiyan akwai cutar da ake kira Moko, wadda ke kashe ayaba, kuma 'yan zuriya ta biyu ke haddasa ta. A Indonesiya akwai wadda ake kira cutar jinin ayaba saboda jan ruwan da ke fitowa idan an yanka, alamunta sun yi kama da na Moko ƙwarai, amma daga zuriya ta huɗu take. Wani reshen wannan zuriya ta huɗu kuma ya koma kan bishiyar kanumfari a tsibirin Sumatra, inda ƙwari ke yaɗa shi daga bishiya zuwa bishiya.

Inda bambancin ke taɓa aljihu

Kowane samfurin wannan bakteriya yana ɗauke da makamai na sunadarai, kusan 60 zuwa 70, da yake tsirta wa shuka domin karya garkuwarta. Kaɗan ne daga cikin makaman dukkan dangin suka yi tarayya a kansu. Sauran sun bambanta daga reshe zuwa reshe. Shuka mai juriya ita ce wadda ta iya gane wasu daga cikin makaman ta kare kanta da wuri. Idan ta haɗu da reshen da ke riƙe da wasu makaman dabam, sai ya shige ta ba ta farga ba. Ƙari a kan haka, ƙwayar tana iya ɗaukar gutsattsarin ƙwayoyin halitta daga 'yan uwanta ta haɗa da nata, wato tana iya sauya makami.

Akwai wani nau'in tumatir da ake kira Hawaii 7996, wanda masu kyautata iri a duniya suka daɗe suna ɗauka a matsayin ma'aunin juriya. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna yana tsayawa da kyau a wurare masu yawa, amma akwai rassan da ke kayar da shi. Tsananin zafi ma yana rage ƙarfin juriyar tumatir.

Abin da ya faru a tsibirin Martinique da ke Karibiyan ya fi kowane gwaji bayani. Manoman can sun san cutar tun da daɗewa a kan tumatir da danginsa, sun kuma saba da irin da ke jure ta. Daga 1999 sai wani sabon reshe na zuriya ta biyu ya bayyana. Ya kama kokwamba da kabewa da furannin sayarwa, waɗanda a da ba a san su da cutar a tsibirin ba, ya kuma rinjayi ire-iren tumatir da aka dogara da su.

Saboda haka, idan aka ga an rubuta a jikin gwangwanin iri cewa yana jure cutar yaushi, akwai tambayar da ta kamata a yi: a ina aka gwada shi, kuma da wane reshe? Kamfanin da ya gwada irinsa a Asiya bai yi ƙarya ba idan ya ce ya jure. Amma wannan shaida ba ta isa ta zama lamuni ga manomin Filato ko na Kaduna ba, sai an gwada irin a ƙasar da zai shuka shi.

Hatta shawarar sauya shuka ta danganta da reshen da ke gonar. Reshen da ya fi addabar dankali a wurare masu sanyi ba ya kama tsirrai da yawa, don haka idan aka huta da noman dankali da danginsa na 'yan shekaru, yawansa a ƙasa yana raguwa sosai. Rassan Asiya kuwa suna da masauki da yawa, har da ciyayin da ke bakin gona, kuma suna daɗewa. Malamin gonar da bai san wanda ke gabansa ba yana iya ba da shawarar da ta dace da wani wuri, ta kasa aiki a wani.

Baƙuwar da ke zuwa cikin buhu

Da kowace zuriya ta tsaya a nahiyarta, da matsalar ta zo da sauƙi. Ɗan Adam ne ya yi ta jigilar su.

Reshen da ke ruɓar da dankalin Turawa ya samo asali ne daga tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu, mahaifar dankalin kansa. A yau ana samunsa a nahiyoyi da dama, kuma samfuran da aka tattara daga ƙasashe masu nisa da juna kusan iri ɗaya ne a ƙwayoyin halittarsu. Wannan shaida ce cewa a cikin irin dankali ya yi tafiyarsa. Dabararsa ita ce ɓuya: a yanayi mai sanyi, dankali yana iya ɗauke da ƙwayar ba tare da ya nuna wata alama ba. A saye shi lafiya lau a ido, a kai shi wuri mai ɗumi a shuka, cutar ta tashi.

Ƙasashe masu arziki sun ɗanɗana. A shekarun 1990 cutar ta ɓulla a gonakin dankali na wasu ƙasashen Turai, ciki har da Ingila da Holan. Bincike ya gano ƙwayar ta samu mafaka a saiwar wata ciyawa dangin gauta da ke fitowa a bakin koguna, daga nan take shiga ruwan da ake ban-ruwa da shi. Dole aka hana shayar da dankali da ruwan kogunan da aka samu ƙwayar a cikinsu. Amurka ta sanya wannan reshe a jerin ƙwayoyin cuta masu haɗarin da ake sa wa ido na musamman, kuma a 2003 da ya shiga ƙasar a cikin dashen furanni daga Kenya, an lalata ɗimbin furanni a jihohi da dama don kada ya kai ga dankali. Masar kuwa, wadda ke sayar da dankali mai yawa ga Tarayyar Turai, ba a karɓar kayanta sai daga yankunan da aka tantance babu cutar.

Afirka ma ta karɓi baƙi. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan Kamaru ya gano uku daga cikin zuriya huɗun a ƙasar: ta Asiya, ta Amurka, da ta Afirka. An samu irin wannan cakuɗa a Cote d'Ivoire. Kamaru na da doguwar iyaka da Najeriya, kuma buhunan dankali da kwandunan kayan miya na ƙetare iyakokin yankin nan kullum.

Darasi daga ayabar Yuganda

Akwai wata bakteriyar dabam, daga dangin Xanthomonas, da ke sa ayaba yaushi a gabashin Afirka. An fara bayaninta a Habasha a 1968 a kan wani dangin ayaba da ake kira enset, abincin miliyoyin mutane a kudancin ƙasar. A 2001 ta bayyana a Yuganda, daga baya aka same ta a Kwango, Ruwanda, Tanzaniya, Kenya da Burundi, inda ayaba take matsayin tuwo.

Da masana suka duba ƙwayoyin halittarta, sai suka tarar bambancin da ke tsakanin samfuranta kaɗan ne, kuma hanyoyin yaɗuwarta sanannu ne: ƙwarin da ke sauka a kan furen ayaba, da adda ko wuƙar da aka sari mai cuta da ita. Wannan ya sa saƙo guda ya yi aiki a ƙasashe da yawa: a cire furen da sanda mai baki biyu, a gasa ƙarfen aiki a wuta, a sare karan da ya kamu. Inda manoma suka bi wannan, cutar ta ja baya.

Sanin yawan bambancin ƙwayar cuta shi ke nuna ko saƙo ɗaya zai wadatar, ko kuwa kowane yanki sai an auna masa nasa. Ga Ralstonia, amsar ita ce ta biyun.

Abin da ya rataya a wuyan hukumomi

Jihar Filato ce ke noma mafi yawan dankalin Turawa a Najeriya, a ƙananan hukumomi irin su Bokkos, Mangu da Barikin Ladi, kuma cutar yaushi na cikin matsalolin da manomanta suka sani. Akasarinsu daga girbin bara suke ware iri, ko su saya a kasuwa, hanyar da ta fi kowace sauƙi ga ƙwayar da ke ɓuya. A kudancin ƙasar, inda zafi da danshi suka haɗu, cutar na cikin dalilan da ke wahalar da noman tumatir da damina. Masu noman rani a Arewa kuma suna shan ruwa daga madatsa ɗaya da hanyar ruwa ɗaya, kuma ruwa na ɗaukar ƙwayar daga gona zuwa gona.

Za a iya cewa binciken ƙwayoyin halitta almubazzaranci ne a lokacin da manomi ke kukan tsadar taki da rashin tsaro. Kukan gaskiya ne. Amma takin da aka zuba wa shukar da za ta mutu kafin ta yi 'ya'ya asara ce a kan asara, kuma gonar da ƙwayar ta zauna a cikinta tana iya ɗaukar shekaru ba ta koma daidai ba. Manoman tumatir ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Baƙuwar annoba ce da ta iske ƙasa ba shiri.

Mataki na farko shi ne taswira. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT mai hedikwata a Ibadan da reshe a Bagauda, da tashar binciken dankali ta Kuru a Filato, da jami'o'in da ke kusa da su, ya kamata a ba su kuɗi da umarnin haɗa hannu su tattara samfura daga kowane yankin noma, su tantance zuriya da reshen da ke wurin. Gwajin PCR, wanda 'yan Najeriya suka saba jin sunansa a lokacin korona, shi ne ake amfani da shi wajen gane zuriyar. Sakamakon kuma ya fito a harshen da malamin gona zai karanta ya yi aiki da shi, a riƙa sabunta shi, domin binciken da ke kwance a kundin digiri ba ya tsare gonar kowa.

Na biyu, duk irin da za a tallata da sunan yana jure cutar, a gwada shi a gonakin da ke da cutar a yankuna dabam-dabam na ƙasar kafin hukumar kula da irin shuka ta NASC ta amince da wannan iƙirari.

Na uku, hukumar NAQS mai sa ido kan shige da ficen kayan noma tana buƙatar kayan gwajin da ke gano ƙwayar a cikin dankalin da bai nuna alama ba. Duba da ido ba ya kama ta. Wannan ya shafi citta ma. Bayan mummunar ɓarnar da wata cuta dabam ta yi wa cittar kudancin Kaduna a 2023, neman sabon iri ya ƙaru, kuma a ƙasashen Asiya irin su Indiya da Sin akwai rassan Ralstonia da ke kashe citta, waɗanda a cikin irin suke tafiya. Kada garin neman gira a rasa ido.

Na huɗu shi ne samar da tsaftataccen irin dankali a cikin gida, mai yawa kuma a farashin da ƙaramin manomi zai iya saya. Muddin babu shi, gargaɗin a guji irin kasuwa magana ce kawai.

Abin da ke hannun manomi

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da mai gona zai iya yi. Ya yi gwajin kofin gilashi kafin ya kashe kuɗi a kan feshi. Ya tuge shukar da ta kamu tare da ƙasar gindinta, ya fitar da ita daga gona ya ƙone, kada ya jefa ta a hanyar ruwa. Ya wanke fartanya da takalmi kafin ya shiga wata gonar. Ya yi renon iri a wurin da cutar ba ta taɓa ɓulla ba. Idan zai sauya shuka, ya koma masara, dawa ko gero, domin tattasai, barkono, gauta da dankali duk dangi ɗaya ne da tumatir a wurin wannan ƙwaya.

Mai dankali kuma ya sa alama a kan shukoki masu lafiya tun suna gona, ya ware irinsa daga gare su, maimakon tsince ƙananan dankali daga tarin girbi, waɗanda sau da yawa daga shuka mara lafiya suka fito. Wanda zai gwada sabon iri ya fara da kunya kaɗan kafin ya cika gona da shi.

Akwai kuma dabarar aure, wadda masu lambun mangwaro suka sani sarai. A Taiwan da Biyetnam manoma na aura kan tumatir a gindin gauta ko wani tumatir mai juriya, su girbi tumatir a ƙasar da ke da cutar. Amma shi ma gindin sai an zaɓe shi daidai da reshen da ke wurin.

Duk hanyar da aka bi, nan take dawowa. Iri, aure, sauya shuka, killace kaya a kan iyaka, kowanne yana buƙatar a fara sanin wace ƙwaya ce ke cikin ƙasar. Kuɗin gano hakan bai kai asarar girbin damina ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya ba. Idan ba a biya shi yanzu daga baitulmali ba, manomi ne zai biya daga gonarsa, mai cefane kuma ya ƙarasa biya a kasuwa.